Kada Ku Nemi Hinji a Bakin Ƙyaure

A cikin nonon uwa akwai wani furotin mai suna laktoferin. Aikinsa shi ne ya cafke sinadarin ƙarfe ya riƙe gam, ta yadda ƙwayoyin cutar da ba sa hayayyafa sai da ƙarfen za su nema su rasa. Muddin ƙarfe bai shigo ba, wani sashe na furotin ɗin yakan zauna a wangame. Da zarar ya shigo, sai dunƙule guda ya juyo da kusan digiri 54 ya rufe a kansa. Sarƙar laktoferin ta ɗan Adam tana da amino asid kusan 700, amma wannan juyi gaba ɗayansa a kan 'yan ƙalilan ya rataya, waɗanda suke kan zare biyu a bayan gurbin da ƙarfen ke zama. Su ne suke lanƙwasawa. Sauran bin su kawai suke yi a dunƙule, siffarsu ba ta sauya wani abin kirki ba.

Waɗannan 'yan ƙalilan su ne hinjin furotin. Ƙannena maza da mata, ku da kuke karatun bayokemistiri ko kuke koyon nazarin halittu da kwamfuta, ko kuna Zariya ko Kano ko Yamai, a kansu nake son mu yi magana. Tambayar da masana suka daɗe suna fama da ita gajera ce: idan aka miƙo maka siffa ɗaya tak ta furotin, hoto guda a daskare, za ka iya ɗora yatsa a kan inda zai lanƙwasa? Yau akwai manhajoji da dama da za su ba ku amsa kyauta cikin 'yan daƙiƙoƙi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan, domin amsar da ta zo da sauƙi haka, mutum yakan manta ya tambaye ta daga ina take.

Ba da wuri aka yarda cewa furotin yana motsi ba. Da John Kendrew ya fitar da siffar mayogulobin a Kambirij a 1958, da hasken eksire ya yi aikin a kan kiristal, inda ƙwayoyin furotin suke jere a matse. Don haka hoton farko da duniya ta gani na abu ne a tsaye cik. A shekarar nan dai Daniel Koshland ya ce enzayim yana sauya siffa idan abin da zai yi aiki a kansa ya iso, ba kowa ne kuma ya gamsu ba. Shekara ashirin bayan haka, a 1978, William Bennett da Thomas Steitz na Jami'ar Yale suka kwatanta siffar heksokainez ta yis, ɗaya da gulukos ɗaya babu, suka tarar sashe guda ya juya da digiri 12 ya rungume sukarin. Ku lura da dalilin, don ruwa ba ya tsami banza. Aikin heksokainez shi ne ya ciro fosfet daga ATP ya liƙa wa gulukos. To, ruwa ma yana iya karɓar wannan fosfet ɗin. Da a ce gurbin aikin a shirye yake kullum, da enzayim ya riƙa ɓarnatar da ATP a cikin ruwa ba gaira ba dalili. Sai aka yi shi ta yadda ba ya kammala shiri sai gulukos ya shiga an rufe. Motsin ba ado ba ne, shi ne aikin.

A 1994 Mark Gerstein da Arthur Lesk da Cyrus Chothia suka tattara misalan da aka sani suka kasa su gida biyu. Akwai motsin hinji, inda dunƙule biyu masu tauri suke haɗe da siririn wuya, 'yan kusurwoyi kaɗan su murɗa sosai, dunƙule ya yi babban juyi. Akwai kuma motsin zamiya, inda fuskoki biyu da suke manne da juna suke gogar juna kaɗan-kaɗan, ƙananan gusawa su taru su zama babba. Ku ajiye na biyun nan a zuci.

Yanzu ku tashi ku buɗe ƙyauren ɗakinku ku duba. Bakin ƙyauren, wajen mariƙi, shi ne yake tafiya mai nisa. Gefen da kafinta ya ɗaure da hinji kuwa kusan bai gusa ba. Ƙaramin yaro ya san wannan a jikin ƙofa, amma a jikin furotin ɗalibin digiri na biyu yakan manta.

Ga yadda mantuwar take faruwa. Kowane fayil na siffar kiristal yana ɗauke da wata lamba a gaban kowane atam, ana ce mata ma'aunin B, tana nuna yadda wurin atam ɗin ya fito dishi-dishi a hoton. Manhajar kallo za ta shafa wa masu babbar lamba ja, masu ƙarama shuɗi. Na sha zama a gaban ɗalibi mai gabatar da aikinsa, ya haska hoton a bango, ya kai tsinin biro kan wani jan wuri ya ce, "Malam, ga hinjin nan, nan ne ya fi motsi." Ka ce masa ya juya hoton, sai ka ga jan wurin wani madauki ne a can ƙurewar dunƙulen yana reto a cikin ruwa, ko kuma wutsiyar sarƙar ce da ba ta jingine da komai ba. Wurin da hinjin yake na gaskiya yana can ciki, shuɗi ko kore, ba wanda ya kalle shi. Wurin da yake kaɗawa daban, wurin da yake ba wasu damar kaɗawa daban. Atam ɗin hinji yana iya zama daram a inda yake, abin da ya sauya kawai shi ne kusurwar ƙashin bayan sarƙar, ta murɗa da digiri ashirin ko hamsin, wannan murɗawar ta kwashi amino asid arba'in ko ɗari ta kai su wani wuri.

Gani ya kori ji, don haka bari mu yi da hannu. Rumbun siffofin furotin na duniya, PDB, an kafa shi a 1971 a Brookhaven ta Amurka da siffofi bakwai kacal. A 2023 ya haura 200,000, kuma ba a biyan ko kwabo. Ku shiga ku sauke fayil biyu, 4AKE da 1AKE. Dukansu adenilet kainez ne na bakteriyar E. coli, enzayim mai amino asid 214 da ke haɗa ATP da AMP ya fitar da ADP biyu. Na farko a buɗe yake, babu komai a cikinsa. Na biyu a rufe yake a kan wani sinadari mai suna Ap5A, wanda ya yi kama da ATP da AMP a ɗaure wuri guda. Enzayim ɗin sassa uku ne: cibiya, da murfi daga wajen amino asid na 122 zuwa na 159, da ƙaramin reshe mai riƙe AMP daga na 30 zuwa na 59.

Da kun buɗe su a PyMOL ko ChimeraX za ku ga kowane fayil yana da kwafi biyu, A da B. Shi enzayim ɗin shi kaɗai yake aikinsa, zaman kiristal ne ya haɗa su. Ku goge B. Sannan kada ku yi saurin danna umarnin da ke ɗora siffa a kan siffa gaba ɗaya. In kun yi haka, manhajar za ta yi ƙoƙarin raba bambancin daidai wa daida a ko'ina, ta ba ku tazarar kusan angistirom 7, ku ga komai ya ɗan goce, babu inda za ku ce nan ne. Ku umarce ta ta ɗora cibiya a kan cibiya kawai. Nan take za ku ga cibiyoyin biyu sun kwanta a kan juna kamar abu ɗaya, murfi da reshe kuma sun yi wani irin lilo. Ku bi sarƙar da ido daga cikin cibiya zuwa inda layukan biyu suka fara rabuwa. Nan ne. Za ku kuma lura da wani abu da littafin aji ba ya cika faɗa: cibiyar ba yanki ɗaya ba ce a jerin sarƙa, yanki uku ce, 1 zuwa 29, 60 zuwa 121, 160 zuwa 214. Sarƙar takan fita ta gina reshe ta dawo, ta sake fita ta gina murfi ta dawo. Ke nan kowane dunƙule mai motsi ƙafa biyu yake da su, ta fita da ta dawowa. Wanda ya je neman hinji guda ɗaya a jerin lambobi ya riga ya ɓata tun daga gida.

Amma fa abin da kuka yi yanzu awo ne, ba hasashe ba. Siffa biyu kuka samu kuka gwada. Manhajoji irin su HingeFind ta 1997 da DynDom ta Steven Hayward da Herman Berendsen ta 1998 wannan aikin suke yi, kuma suna yin sa da kyau: su gaya maka dunƙulen da ya juya, da layin da ya juya a kai, da digiri nawa. Kada in ga ɗayanku ya ba DynDom siffa biyu sannan ya rubuta a kundinsa cewa ya yi hasashen hinji.

Hasashe na gaskiya da siffa ɗaya ake yi, kuma hanyar da ta fi shahara tana da sauƙin da zai ba ku mamaki. A 1996 Monique Tirion ta nuna cewa in dai motsi mai jinkiri ake nema, ana iya ajiye lissafin ƙarfin sinadarai mai sarƙaƙiya a gefe, a ɗauka kawai cewa atam ɗin da ke kusa da juna sifirin ne ya haɗa su, duk ƙarfi ɗaya. A 1997 Ivet Bahar da Ali Rana Atilgan da Burak Erman a Istanbul suka ƙara sauƙaƙa abin, suna aro daga ilmin da aka gina a kan yadda roba take miƙewa. Suka ce kowane amino asid a mayar da shi ɗigo ɗaya, a kan kabon alfa ɗinsa. Duk ɗigo biyun da tazararsu ba ta wuce kimanin angistirom 7 ba, a haɗa su da sifirin. Angistirom ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan goma na mita. Shi ke nan samfurin da ake kira GNM.

Ga adenilet kainez, za ku zana jadawali mai layi 214 a tsaye da 214 a kwance. Inda biyu suke haɗe ku rubuta ɗaya mai alamar ɗebewa, inda ba su haɗu ba ku rubuta sifili, a layin tsakiya kuma ku rubuta yawan maƙwabtan kowane ɗigo. Daga nan aikin aljebra ne, darasin nan da wasunku suka riƙa guje wa a shekarar farko suna cewa ba ruwan mai nazarin halittu da shi. Kwamfuta za ta warware jadawalin zuwa salon girgiza 213, daga mafi jinkiri zuwa mafi sauri. Masu sauri ƙananan karkarwa ne na nan da can. Mafi jinkirin shi ne abin nema, don a cikinsa manyan sassa suke tafiya tare. A wannan salo kowane amino asid yana samun lamba ɗaya, ko mai alamar tarawa ko mai alamar ɗebewa. Masu tarawa suna yin gefe guda, masu ɗebewa suna yin kishiyarsa. Inda lambar ta ratsa sifili ta sauya alama, nan ake zargin hinji. Kun ga ke nan, a wannan hanya ma'anar hinji ita ce wurin da ya fi kowa zama lafiya.

Ni dai har yanzu abin yana burge ni. Samfurin bai san gilaisin daga tiriftofan ba, bai san caji ba, bai san ruwa ba. Siffa kawai ya sani, da wa ke kusa da wa. Amma sau da yawa yana kamo hanyar da furotin yake buɗewa da rufewa, domin babban motsi yana bin inda cunkoso ya yi sauƙi ne. Ku kwatanta da ɗaya hanyar, ta bin kowane atam taki-taki a kwamfuta. Kowane taki femtosakan 2 ne, shi kuwa rufewar dunƙule takan ɗauki daga maikirosakan zuwa milisakan. Milisakan ɗaya taki biliyan 500 ke nan. Sai da D. E. Shaw da mutanensa a New York suka ƙera wata kwamfuta ta musamman mai suna Anton kafin su kai milisakan ɗaya, shi ma a kan ɗan ƙaramin furotin mai amino asid 58. GNM kuwa a tsohuwar laftof zai gama kafin batiri ya yi ƙasa, ko an ɗauke wuta. Akwai ProDy, manhajar Python daga ɗakin binciken Bahar a Pittsburgh, akwai kuma HingeProt ta 2008 da masana na Istanbul da Tel Aviv suka yi. Shawarata ita ce ku fara rubuta naku da kanku, layi talatin ko arba'in ya isa, kafin ku taɓa na wani. Wanda ya gina jadawalin nan da hannunsa sau ɗaya ba zai sake kallon amsar manhaja kamar wahayi ba.

To, ga maganar da na fi so ku riƙe. Lissafin nan ba shi da bakin cewa "babu hinji". Tsarin jadawalin ya tilasta cewa in aka tara lambobin salo mafi jinkiri, sifili za a samu. Dole ne wasu su zama masu tarawa wasu masu ɗebewa, dole ne kuma a sami inda alama ta sauya. Ku ba shi furotin da yake curi guda mai tauri, wanda bai taɓa buɗewa ba tun da aka halicce shi, zai raba muku shi biyu ya ce ga hinji. Ba ƙarya ya yi ba. Tambayar da ya amsa ita ce: in da za a raba wannan abu gida biyu masu motsi kishiyar juna, ina ne ya fi sauƙi? Ku kuma tambayar da kuke yi ita ce: wannan abu yana lanƙwasawa kuwa? Tsakanin tambayoyin nan biyu aikinku yake. Ku duba ko layin rabon ya bi ta siririn wuya ne ko ta tsakiyar nama. Ku duba ko salo na farko ya yi wa na biyu da na uku nisa a jinkiri, ko duk kusan ɗaya suke. Ku duba ko sassan biyu kowanne yana da girman da zai tsaya a matsayin dunƙule.

Sauran tarkunan sun fi sauƙin kaucewa, in an san da su. Doguwar wutsiya da ke reto, kamar jerin histidin da ake liƙa wa furotin don sauƙin tacewa, takan ƙwace salo na farko gaba ɗaya, sai manhaja ta nuna muku gindin wutsiyar a matsayin hinji. A yanke ta kafin a fara. Siffar da aka ɗauka a rufe takan ruɗi samfurin, domin sassan biyu sun taɓa juna, sifirin ya ɗinke su, ya gan su abu ɗaya. Florence Tama da Yves-Henri Sanejouand sun nuna a 2001 cewa buɗaɗɗiyar siffa ta fi rufaffiya ba da amsa mai kyau. Ku gwada da 1AKE ku gani da idonku. Sannan ku riƙa karanta saman fayil ɗin PDB, wajen REMARK 465, inda ake jera amino asid ɗin da ba su fito a hoton ba. Sau da yawa abin da bai fito ba shi ne zaren da ya haɗa dunƙule biyu, don bai tsaya wuri ɗaya an ɗauke shi ba. Wato abin da kuke nema shi ne ainihin abin da babu a fayil ɗin, manhaja kuma ba za ta gaya muku ba.

Akwai wasu hanyoyin, kowace da tambayarta. FlexOracle ta Samuel Flores da Gerstein, ta 2007, tana yanka sarƙar ne a kowane wuri ta lissafa ko gutsattsarin za su iya tsayawa da kansu, bisa tunanin cewa dunƙule na gaskiya ya fi manne wa kansa fiye da maƙwabcinsa. StoneHinge ta 2009 tana ƙirga ɗaure-ɗauren da ke tsakanin atam ne, ta ware yankunan da suka ƙulle da waɗanda suke da sarari. In hanyoyi masu tushe dabam-dabam irin waɗannan suka nuna wuri ɗaya, wannan hujja ce mai nauyi. Amma in shafuka uku na intanet suka ba ku amsa ɗaya alhali dukansu a kan sifirin aka gina su, shaida ɗaya ce ta sake riga sau uku.

Game da karanta hinji daga jerin amino asid kawai, ba zan daɗe ba. Da Flores da abokan aikinsa suka tattara hinjojin da aka tantance da ido a Hinge Atlas a 2007, sun ga gilaisin da serin sun fi yawa a can, kuma hinji bai cika faɗawa cikin murɗaɗɗen zaren alfa ba. Wannan karkata ce, ba doka ba. Kalmodulin ya isa darasi. Furotin ne mai amino asid 148 da ke jin shigowar kalsiyam a cikin ƙwayar halitta. Siffarsa ta kiristal ta 1985 ta nuna ƙulli biyu da dogon murɗaɗɗen zare miƙaƙƙe a tsakani, kai ka ce sanda ce. A 1992 awon NMR a cikin ruwa ya nuna tsakiyar zaren nan, wajen amino asid na 78 zuwa na 81, a sake take. A shekarar kuma aka ga siffarsa riƙe da abin da yake kamawa: zaren ya warware a tsakiya, ƙullin biyu sun naɗo sun haɗu. Hinjin yana zaune a inda doka ta ce ba ya zama, kiristal kuma ya ɓoye shi shekara bakwai.

Na san abin da ke bakin wasunku: ai yanzu akwai AlphaFold. Gaskiya ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Ta ba duniya mamaki a gasar CASP ta 2020, rumbunta ya wuce siffofi miliyan 200 a 2022, Demis Hassabis da John Jumper kuma suka sami rabon kyautar Nobel ta kemistiri a 2024. Amma abin da aka horar da ita a kai shi ne ta ba da siffa, kuma galibi ɗaya take bayarwa, ba tare da ta ce a buɗe ne ko a rufe ba. Lambar pLDDT da take shafa wa launi tana nuna yadda ta amince da wurin ne, ba yadda wurin yake motsi ba. Wanda ya ɗauki jan ma'aunin B a matsayin hinji, shi ne zai ɗauki launin ruwan lemon pLDDT na AlphaFold a matsayin hinji. Abin da ya fi amfani gare ku shi ne ɗayan hoton da ɗalibai suke tsallakewa, jadawalin PAE mai launin kore. In kuka ga murabba'i biyu masu duhu, tsakaninsu kuma fari-fari, ma'anarsa ta san siffar kowane dunƙule amma ba ta san yadda suke fuskantar juna ba. Wannan alama ce mai kyau ta inda za a fara dubawa. Tana iya zama motsi, tana kuma iya zama rashin bayani kawai.

In kuma wani ya zo muku da sabuwar manhaja yana cewa tana daidai kashi 95 cikin ɗari, ku yi wannan ɗan lissafin kafin ku tafa. A ce furotin mai amino asid 214 yana da goma a hinji. Manhajar da ba ta san komai ba, wadda kullum amsarta "ba hinji ba ne", za ta yi daidai a 204, wato kashi 95 ɗin ke nan. Ku tambaya: cikin hinjojin gaskiya nawa ta kamo, cikin waɗanda ta nuna kuma nawa ne na gaskiya? Kuskuren amino asid nawa aka yafe mata kafin a ce ta dace? Waɗanda aka gwada ta da su, ba 'yan'uwan waɗanda aka horar da ita da su ba ne? Wa ya yanke hukuncin inda hinjin gaskiya yake, da wace hanya?

Ƙarshen kowane hasashe dai ɗakin gwaji ne, kuma ba duk gwaji ne yake buƙatar injin miliyoyi ba. A 1959 Rodney Porter ya zuba wa antibodin zomo fafen, enzayim ɗin da ake samu a ƙaron gwanda, sai antibodin ya rabu gida uku: hannu biyu masu kama abokin gaba, da jela ɗaya. Fafen ya yanka ne a hinjin da ya haɗa su, don enzayim mai yanka furotin ya fi samun shiga inda sarƙa take a sake, a fili. Aikin nan yana cikin abin da ya kai shi ga Nobel a 1972. Mu da muke zaune a yankin da sanƙarau ke ziyarta da rani, daga Senegal har Habasha, muna da wani misalin a kusa. Bakteriyar da ke kawo shi, Neisseria meningitidis, tana zama a bayan hanci da maƙogwaro, tana kuma fitar da wani enzayim da ke yanke antibodin IgA1 daidai kan hinjinsa, ya raba hannuwan da jelar. Ɗan'uwansa IgA2, da hinjinsa ya gaza da amino asid 13, wannan wuƙar ba ta kama shi. Dabarar nan kuna iya aronta. Ku zuba wa furotin ɗinku ɗan tirifsin kaɗan, ku riƙa ɗiba bayan minti biyar, goma, talatin, ku gudanar a kan jel, ku ga ko girman gutsattsarin ya dace da inda kuka yi hasashe. Ku maimaita bayan kun ba furotin ɗin abin da yake kamawa. Sai dai ku sani wannan ya fi aiki ga dogon zare irin na antibodi. Gajeren hinji da ke ɓoye irin na laktoferin yana iya ƙin yankuwa, rashin yankuwar kuma ba ya ƙaryata ku.

Masu kayan aiki sukan wuce nan. Su sa sistin biyu a fuskokin da suke haɗuwa don su ƙulle furotin a rufe, ko su maye gurbin amino asid ɗin hinji da furolin mai tauri su ga ko aiki ya ragu. Dorothee Kern da ɗalibanta a Jami'ar Brandeis sun bi adenilet kainez ɗin nan namu da NMR. A 2004 suka nuna cewa buɗewar murfi ita ce take ƙayyade saurin enzayim ɗin, ba haɗa sinadaran ba. A 2007 suka ƙirga hinjoji takwas a jikinsa, suka kwatanta na E. coli da na Aquifex aeolicus, bakteriyar da ke rayuwa a ruwa mai zafin da ya kusa tafasa. A yanayin ɗaki na biyun ya fi nawa, hinjojinsa kuma sun fi tauri. Takwas fa, a furotin da salo ɗaya na GNM zai raba muku gida biyu kawai.

Ga aikin da zan bar muku na wannan zangon. Ku ɗauki furotin mai kama maltos, 1OMP a buɗe, 1ANF a rufe. Ku ɗauki laktoferin, 1LFH da 1LFG. Ku ɗauki kalmodulin, 1CLL da 1CDL. A kowanne, kada ku buɗe fayil na biyu. Ku yi lissafinku a kan na farko, ku rubuta lambobin amino asid ɗin da kuke zargi a takarda da biro, ku sa kwanan wata, ku rubuta tazarar da kuka zaɓa da salon da kuka duba da abin da kuka goge. Sai sannan ku buɗe na biyu ku auna. Bayan waɗannan uku, ku nemo sitiret sintez, wanda Gerstein da Lesk da Chothia suka sa a gidan masu zamiya. Manhajar za ta ba ku lambobin hinji a kansa ma, cikin natsuwa irin wadda ta ba ku na sauran.